Wasiƙa zuwa ga masu haɗa akwatunan sifika na Nahuce, Bunguɗu, Gusau da Tsafe



Mai wannan wasiƙa dattijo ne da ya daɗe yana zama gaban akwatunanku a wurin tafsirin azumi da Maulidi da walimar aure, kuma ya san hakkinku. Ba don ku ba, da ƙaramin masallaci ko Islamiyyar unguwa ba su mallaki kayan sauti ba, domin na waje ya fi ƙarfin talaka. Kuna sayo sifika tsirararta daga Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, ku yanka katako, ku sake naɗa wayar da ta ƙone. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami shi ne maganar tambari. Yaro zai haɗa akwati da hannunsa a Gusau, ya gama, sai ya manna masa JBL, ya rubuta wat dubu kaza a gefe. Wannan algus ne. Haruffan nan uku sunan mutum ne, James B. Lansing, wanda ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1946 ya sa sunansa a kan aikinsa domin ya yarda da shi. Ku me ya hana ku? Shi kuma wat ɗin da ake ruɗin mai saye da shi, na gaskiya shi ne wanda sifika ke iya ɗauka tana aiki ba tsayawa. Ko an ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ƙarar ba ta ƙaruwa da abin da ya wuce desibel 3.

Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne rashin awo. Da yawa girman katakon da ya rage a shago shi ke yanke girman akwati, ramin iska kuma a huda shi da ido. Masassaƙin kotso bai taɓa yin haka ba: ya san faɗin cikin icen shi ke ba fata murya. Tun 1961 injiniya Neville Thiele na Ostireliya ya fitar da lissafin da ke haɗa sifika da akwatinta, Richard Small na Jami'ar Sidni ya cika shi a farkon shekarun 1970. Kowace sifika tana da litar iskar da take so a bayanta da tsawon ramin da ya dace da ita, kuma akwai manhajar kwamfuta kyauta, irin WinISD, da ke fitar da wannan lissafi. Idan ramin ya saɓa, takardar sifika sai ta yi ta bugun iska a banza har ta yage, a ce wai kayan ne ba su da kyau.

Sakamakon kuwa a kunnen jama'a yake sauka. Dum-dum ya yi yawa, ƙirji na girgiza, amma malam na fassara aya ba a rarrabe kalmominsa. Haruffan da ke sa a gane magana suna tsakanin has 1,000 zuwa 4,000, wurin da akwatunan nan suka fi rauni, domin an zuba kuɗi a babbar sifika an bar tsakiya fayau. Alhali wannan ƙasa ce ta Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, mutanen da darajar waƙarsu ke cikin kalma, kiɗa na biye da ita a baya. Har tsohuwar lasifikar nan mai bakin ƙaho da ake ɗaurewa a kan mota, duk da rashin daɗinta, tana kai magana ƙarshen gari a ji ta sarai. Yau kaya sun fi yawa, ji ya ragu. Abin da ciwo.

Ga kuma gangancin jona sifika huɗu masu om 8 gefe da gefe a layi ɗaya. Nauyin ya koma om 2, amfilifaya ta yi zafi, sauti ya dagule, twita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, ta ƙone. Wani ma ba ya gwada waya da batirin tocila ya ga ko takardun duk gaba suke motsawa tare. Wanda ya karɓi kuɗin masallaci ya yi irin wannan aiki ya ci amana, ba wani suna da za a ba shi.

A yi haƙuri da zafin harshe, kishin sana'ar ne. Sai dai a tuna yara ne ke zama dab da bakin akwati a kowane taro, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa desibel 100 a matsayin iyakar matsakaiciyar ƙara a wuraren taro.

Roƙon mai wannan wasiƙa ga iyayen gidan sana'a shi ne su koya wa yara awo kafin zarto. Akwatin da zai fita daga shago kuma a rubuta masa sunan wanda ya haɗa shi da garinsa, Nahuce ne ko Tsafe, da wat da om na gaskiya a bayansa.