Ɗakin Ajiya a Cikin Kwali: Me Ya Hana Masu Waldarmu?

Wani kaya ya fara yawo a tallace-tallacen Facebook da WhatsApp, kuma ina ganin gara mu yi magana a kansa tun bai zama ruwan dare ba. Ɗakin ajiya ne na ƙarfe da ake sayarwa a kwance cikin kwali: fallayen kwano, sandunan da za su riƙe su, ƙofa, jakar notuna da ƙusoshi, sai takarda mai zane-zane da ke nuna wanne ke shiga wanne. Mai saye ya biya, a ɗoro masa a mota daga Legas ko Abuja, ya nemi mutum ɗaya ko biyu su tayar da shi. A Turai an yi shi ne don ajiye keke da injin yanke ciyawa a bayan gida. Mu nan Kudancin Kaduna kuwa, duk manomin da ya ga hotonsa abu ɗaya ke faɗo masa a rai, wato inda zai zuba cittarsa.

Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma muna bukatarta. Kayan da ake shigo mana da shi ne ba a yi shi don ƙasarmu ba, kuma masu waldar Kafanchan, Zonkwa, Kwoi da Kachia za su iya yin wanda ya fi shi idan suka canza hannu kaɗan.

Gini a kwance ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1829 wani injiniya a Landan, Henry Palmer, ya yi rajistar kwanon rufi mai tudu da kwari, irin wanda ke kan gidajenmu yau, kuma Turawa sun riƙa ƙera gidaje a gida suna aika su ƙasashen da suka mallaka. Tsohon gidan Razdan na Kalaba, wanda yanzu gidan tarihi ne, a Birtaniya aka ƙera shi, aka kawo shi ta jirgin ruwa aka haɗa a 1884, kuma yana nan tsaye. Gadar Lugga da ke Kaduna a Zungeru aka fara kafa ta, daga baya aka kwance ta aka kawo. Kafanchan kanta ba sai an ba ta labari ba. Jirgin ƙasa ne ya mayar da wannan yanki na Fantswam babban gari, bayan da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927 ya haɗu da na Kaduna, wani reshe kuma ya nufi Jos. Ƙarafunan dogo da na gadoji duk a gutsure suka zo, hannun ma'aikata ne ya ɗaure su da noti da sufana. Jikokin waɗannan ma'aikata suna cikin garin nan.

Bukatar kuwa a bayyane take. Yawancin cittar Najeriya daga nan take fitowa, daga Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf. Ana haƙa da kaka, a tsaga, a shanya a kan duwatsu da gefen hanya, sannan a ɗura a buhu. Daga nan matsala ke farawa. Manomin da ba shi da wurin ajiya dole ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, lokacin da farashi ke ƙasa. Mai sito shi ke saye ya jira, shi ke cin ribar gumin wani. Wasu kan jibge buhuna a ɗakin kwana, yara su koma tsakar gida. Bayan annobar da ta ruɓar da gonakin citta a daminar 2023, wadda ta bar iyalai da yawa da bashi kuma ta sa iri ya yi tsada, kowane buhu ya ƙara daraja, kuma wanda ya samu ya tsira da nasa ba zai so danshi ko ɓarawo ya raba shi da shi ba. Haka mai masara, mai waken soya, mai injin ban ruwa da mai babur.

Na tsaya a kan wani maƙwabci ranar da yake tayar da irin wannan ɗaki da ɗansa da wani yaron mai walda. Sun share wuri, sun jera sandunan ƙasa a kan turɓaya, suka hau ɗaura bango. Kowane noti yaron ya sa sai ya ɗaure shi tamau. Bango uku suka tashi lafiya. Da aka zo ɗora rufi sai ɗan ya ce, "Baba, ramukan nan fa ba su haɗu ba." Ramin kwano yana nan, na sanda yana can, tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma ƙusa ba za ta shiga ba. Yaron ya ce a kawo injin huda a buɗe sabon rami. Maƙwabcin ya hana, ya ce a kira birkila. Da birkilan ya zo bai taɓa kwano ba. Igiya ya ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren, sai ga ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya ce, "Maigida, ɗakinka a karkace yake tun daga ƙasa. A sassauta komai."

A nan duk sirrin aikin yake. Abin da ke cikin kwali rabin ɗaki ne, ɗaya rabin kai za ka yi shi, kuma mai talla ba zai faɗa maka ba. Sai an zuba daɓen kankare, shimfiɗaɗɗe, wanda ya ɗara ƙasa da kamar tsawon tafin hannu don kada ruwan tsakar gida ya shiga, a bar shi ya sha ruwa ya bushe na kwanaki. Sai an tabbatar kusurwa huɗun nan daidai suke. Magina suna da hanya mai sauƙi: a auna ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, idan tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 to kusurwa ta zauna. Notuna kuma a sa su sakwa-sakwa har sai gangar jiki ta tashi gaba ɗaya, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗaure. Ƙusar rufi tana zuwa da 'yar roba a wuyanta, wadda ita ke hana yoyo. Idan aka murɗa ta fiye da kima robar ta fashe, damina ta farko za a ga ɗigo a kan buhu. Bakin kwanon yana yanka kamar reza, don haka a sa safar hannu, kuma kada a kuskura a ɗaga falle ranar da ake iska.

Abu mafi girma, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne a kafe ɗakin a jikin daɓen. Duk wanda ya zauna a gindin duwatsun Kagoro ya san irin iskar da ke zuwa da ruwan farko a watan Afrilu da Mayu. Tana yaye rufin makaranta da na coci da na masallaci, waɗanda aka ɗaure da katako mai kauri. Ɗakin da mutum biyu za su iya ɗagawa da hannu ba zai tsaya mata ba, sai in an dasa ƙarfe a cikin kankaren an ɗaure ƙafafunsa a kai. Ɗora dutse a kan rufi ba magani ba ne. In ya tashi kuma ba asarar mai shi kaɗai ba ce, kwano ne mai kaifi ke yawo a unguwar da yara ke wasa.

To ko an yi duk wannan, na shigowa yana da aibin da ba ya gyaruwa. Kwanonsa siriri ne, yatsa ma na lotsa shi, almakashin kwano kuwa zai buɗe shi cikin minti kaɗan, ga shi citta ta zama abin da ɓarayi ke bi har gona. Gajere ne, buhu ba ya hawa da yawa. Tagogin shan iskarsa 'yan ƙanana ne. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da rana, ya huce da dare, sai gumi ya taru a cikin rufin ya riƙa ɗiga. A yankin da ake ruwa daga Afrilu har Oktoba, wannan gumi shi ke kawo fumfuna, kuma citta mai fumfuna ba ta da daraja wurin masu fitar da ita waje. In wani ƙarfe guda ya ɓace ko ya lanƙwashe a hanya, babu shagon da za a je a sayo madadinsa.

Wani zai ce, to me ya kai mu? Ga rumbu, ga ɗakin ƙasa, iyayenmu da su suka rayu. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Ginin ƙasa ya fi ƙarfe sanyi nesa ba kusa ba, kuma mai fili nasa na kansa da ke da halin bulo, ya yi ginin bulo. Amma mutane da yawa a Kafanchan haya suke. 'Yar kasuwar da aka ba aron gefen fili, matashin da ya karɓi hayar gona, malamin makarantar da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe, duk ba za su zuba kuɗi a ginin da za su tafi su bari ba. Waɗannan su ne masu bukatar ɗakin da ake kwancewa.

Abin da masu waldarmu ke yi yanzu shi ne su liƙe komai da wuta. Shagon kwantena da suke ƙerawa yana da ƙarfi, ba a musu. Sai dai ranar tashi dole a nemo babbar mota da majiya ƙarfi, ko a yanka shi da inji, a yi asarar rabin ƙarfen. Kai shi ƙauye ma aiki ne, don sau da yawa sai an ɗauki mai walda da janareta da mai an tafi da su. Da za su yanka ƙarfen a shago bisa awo guda, su huda ramukan da ma'auni guda ta yadda kowace sanda za ta shiga gurbin 'yar'uwarta, su sa lamba a jikin kowane yanki, su shafa fentin hana tsatsa, da an ɗora ɗaki sukutum a bayan a-kori-kura an kai shi Kubacha ko Godogodo, an tayar da shi da sufana biyu ba tare da wutar lantarki ba. Su sa kwano mai kauri, su ɗaga rufin, su bar tazara a ƙarƙashinsa a rufe da raga don iska ta ratsa ɓera bai shiga ba, su yi wa kwaɗo gidan da guduma ba ta kai masa. A ciki a shimfiɗa katako don buhu kada ya taɓa daɓe ko bango. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da ake ƙerawa a can, ya san hannu ba shi ne matsalarmu ba. Abin da ya rage shi ne awo, da haƙurin yin abu ɗaya sau ɗari ba tare da ya bambanta ba.

A nan ne nake ganin makarantunmu ke da aiki. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia a 2025, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna a nan Kafanchan inda ake koyar da zanen gine-gine da aikin gona. Zanen ɗakin ajiya mai girma biyu ko uku, wanda aka lissafa ƙarfinsa da iskar yankin nan, aka rubuta bayaninsa da Hausa da Turanci, aka raba wa ƙungiyoyin masu walda kyauta, aiki ne da ɗalibai za su iya gamawa a zango guda. Ƙungiyoyin manoman citta su ma suna da rawar takawa: idan mutum 20 suka haɗa oda lokaci guda, mai walda zai sayi ƙarfe a sari, farashi ya sauka wa kowa.

Kai kuma mai karatu da ka riga ka tura kuɗi kana jiran kwalinka, kada ka buɗe shi sai daɓenka ya bushe. Ka ƙirga kayan da ke ciki a gaban direba, ka kira birkila kafin ka kira mai sufana, ka kafe ƙafafun a kankare. Wanda bai saya ba tukuna, ya ɗauki hoton ya kai wa mai waldar unguwarsu, ya ce masa irin wannan yake so, da noti, da kwano mai kauri, kafin a fara haƙar citta.