Yaron Da Aka Raba Da Abokansa

Duk wanda ya karanta Ender's Game na Orson Scott Card, wanda ya fito a Amurka a 1985, ya san yadda sojoji suka ɗauke Ender yana ɗan shekara 6 zuwa makarantar koyon yaƙi a sararin samaniya. Da gangan Kanar Graff yake haddasa gaba tsakaninsa da sauran yara, wai kaɗaici ne ke ƙera shugaba. Ni dai ban yarda ba. Ranar gwabzawar ƙarshe da wa ya dogara? Da Alai da Petra da Bean, abokan da ya yi duk da makircin Graff. Manyan kuwa yaudararsa suka yi, yana zaton atisaye ne a kwamfuta, ashe wata al'umma yake hallakawa.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan labari yana ƙofar gidanmu. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, yaran da suka gama firamare take ɗauka, kuma daga Makarfi ko Kudan ko Ikara ba wata tafiya ba ce. A ce yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya baro gonar rake, ya sa kaki, aka ɗora shi kan sa'o'insa. Yaya zai yi ranar da aka ce ya hukunta amininsa da suke cin kwano ɗaya?

Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma a yawancin littattafanmu, in soja ya fito, to kyaftin ne kyakkyawa da ya zo neman aure.