Kunya da Kunne: Batun Masu Aikin Inji a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya san Birnin Kebbi da Argungu a da, ya kuma sake ratsa su a yau, zai lura da cewa arzikin shinkafa ya zo da ɗan rakiya, watau ƙara. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu. Sai dai ba manyan masana'antu ne abin dubawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yaron da ke yini gaban injin casa cikin rumfar kwano, da mai injin niƙa, da manomin da ke gadin injin ban-ruwa a fadamar Rima.

Masana sun auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, suka ce kunne na iya jure desibel 85 na tsawon awa 8 a yini. Da zarar an ƙara 3, sai lokacin ya ragu da rabi, har ya zamana a desibel 100 minti 15 kacal ya rage. Ba sai da na'ura ake ganewa ba: in mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye taku ɗaya daga gare shi ya ji, to an kai iyaka. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa.

Alamar farko ita ce ƙugin kunne, wani siririn kuka kamar na gyare, wanda ya fi damun mutum in dare ya yi tsit. Camfi ya ce ana ambaton mai shi ne a wani wuri. To wane irin farin jini ne zai sa a riƙa ambaton mai injin niƙa kullum bayan ya tashi daga aiki? Wani kuma kunnen ya koma mai tsananin ji, ta yadda ƙarar kwano ko kukan jariri zai soke shi kamar allura.

Ga ɗaliban harshe akwai abin lura a nan. Ɓarnar ƙara takan fara ne daga sautuka masu tsini, inda baƙaƙe irin su s da sh da ts da f suke zaune. Wasula da karin sauti kuwa suna ƙasa, don haka sukan daɗe ba su taɓu ba. Ke nan mutum yana jin murya sarai, yana jin hawa da saukarta, amma sara da shara da tsara da fara sun fara zame masa abu guda. Shi ya sa yake rantsuwa kunnensa lafiya lau, mutane ne suka daina buɗe baki.

Maganar kariya kuwa, a nan kunya ta shigo. Akwai wani abin rufe kunne mai kama da ƙoƙuna biyu da ake ɗorawa a kai, yana kuma aiki ƙwarai. Amma saurayin da ya sa shi a kasuwa ya san abin da zai biyo baya: abokan wasa su laƙaba masa kurma ko matuƙin jirgin sama, maigida ya ɗauka raki ne, ga zafin bazara, ga hula ba ta zama. Kwana biyu sai a rataye shi a ƙusa. Masu ganin neman matoshin da ba ya fitowa fili wani ƙyale-ƙyale ne ba su fahimci jama'ar da ake magana a kanta ba. Kariyar da ke kunne daga safe zuwa la'asar ta fi wadda ke rataye, ko da wadda ke ratayen ta fi ta inganci a takarda.

Saboda haka zaɓi ya koma kan ƙananan matosai masu shiga cikin kunne. Auduga, wadda ita aka fi kamawa, ba ta tare abin kirki, kwantar da hankali kawai take yi. Matoshin soso ya fi araha, ya kuma fi rage ƙara, muddin an murza shi ya yi siriri, an ja kunne sama da baya, an tura shi an riƙe har ya kumbura a ciki. In rabinsa na leƙowa waje, an yi asara biyu, bai tare ba kuma bai ɓuya ba. Aibinsa shi ne yakan dushe magana. Akwai kuma na roba mai 'yar matata a tsakiya, wanda ke rage sauti kusan daidai wa daida, har ana jin magana da shi. Wanda ba shi da launi da ƙyar ake ganinsa, balle a ƙarƙashin kallabi ko rawani. Shi ya fi dacewa da mai awo da mai karɓar kuɗi da makaɗin da ke tsaye kusa da lasifika a bikin kamun kifi na Argungu. Wanda kuwa kansa ke jikin inji, soso ya kamace shi, ya dai tabbata yana jin kiran gaggawa da canjin kukan bel.

Mai tsananin ji yana da nasa tarkon. Daɗin da ya samu kan sa ya riƙa toshe kunne har a gida da masallaci, alhali kunnen da aka saba wa shiru ƙara tsargiya yake yi, ƙugin ma ya fi fitowa in babu wani sauti a waje. Matoshi na bakin inji ne, in an kashe inji a cire. A kuma kula da tsabta, domin hannun da ya sha ƙaiƙayi da baƙin mai shi zai murza sosan. Na roba a wanke shi, na soso in ya yi dauɗa a yar.

Ba kowane ƙugi ne na inji ba. Maganin zazzaɓi na kwinin yana kawo shi, haka ma dattin kunne in ya cushe. Wanda nasa ya tsaya a kunne ɗaya, ko yake bugawa tare da zuciya, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya, asibiti ya kamata ya nufa ba kanti ba, kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna in abin ya kai ga turawa. Kuɗin matoshi kuwa a wuyan mai inji ya dace ya hau, kamar yadda yake sayen mai da bel, kuma in shi maigidan ya fara sa nasa a gaban yara, da wuya a sami mai bakin tsokana a rumfar.