A RIƘA ƘIDAYA BINDIGOGI KOWACE SHEKARA

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, watau fistol, cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasin Shugaban Ƙasa. Saboda haka a ƙasar Gumel ba maganar ƙungiyoyin wasan harbi irin na Turai ake yi ba. Maganar ita ce ta maharba da 'yan banga na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, masu riƙe da bindigogin gargajiya.

Ya kamata kowace ƙungiyarsu ta riƙa kai wa 'yan sanda rahoto sau ɗaya a shekara ta hannun hakimi. A rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da yawan bindigoginsu, da wadda ta ɓata, da wadda mai ita ya rasu, domin bindigar mamaci ita ce ta fi saurin faɗawa hannun ɓata-gari.

Maigatari tana bakin iyakar Nijar, kuma kasuwarta ta Alhamis tana tara baƙi daga ko'ina. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021 ba za ta san abin da ke ƙauye ba sai an rubuta mata. Wannan ƙidaya kariya ce ga maharbi mai gaskiya ran da aka zo bincike.