Roscoe Brown: Daga Sararin Barlin Zuwa Ajin Bronx

Sanin kowa ne cewa idan aka tashi yabon soja, da ranar gumurzu akan fara, a kanta kuma akan tsaya. Haka abin ya kasance ga Roscoe Brown, Baƙar fatan Amurka matuƙin jirgin yaƙi, wanda ya rasu a 2016 yana da shekara 94. Duk inda aka ambace shi sai a ɗauko ranar 24 ga Maris, 1945. Alhali kuwa wanda ya dubi rayuwarsa da idon basira zai ga cewa aikinsa mafi nauyi a ƙasa ya yi shi, da alli a hannu.

An haife shi a birnin Washinton a 1922, a zamanin da sojan Amurka ke ware baƙaƙe daga farare a bariki da wurin cin abinci. Har wani rahoto kwalejin yaƙi ta ƙasar ta fitar a 1925, mai cewa baƙin mutum ba shi da ƙwaƙwalwa ko zuciyar da za a danƙa masa jagoranci. Sai a 1941, bayan matsin lamba, aka buɗe sansanin horar da matuƙa baƙaƙe a Tuskegee, cikin jihar Alabama. A nan Brown ya koyi tuƙi. Daga nan aka tura shi Italiya, cikin rundunar Kanar Benjamin Davis, wadda aka sani da jan fentin da ke wutsiyar jiragenta. Aikinsu shi ne rakiyar manyan jirage masu jefa bom, su tsare su daga farmakin Jamusawa. Sau 68 Brown ya fita irin wannan aiki. A ranar da aka ambata, wajen rakiya zuwa Barlin, ya harbo jirgin jet na Jamus, wanda ya fi nasa mai farfela gudu nesa ba kusa ba.

To, me jarumi ya tarar da ya koma gida? Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya nemi aikin tuƙi a wani kamfanin jiragen fasinja, aka jefa takardarsa a kwandon shara saboda launin fatarsa. Wani da haka ta same shi, da ya ƙare rayuwarsa yana nuna lambar yabo yana zagin zamani, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa makaranta ya koma. Ya sami digiri na uku a Jami'ar Niyok a 1951, ya koyar a cikinta fiye da shekara 25, har ya shugabanci cibiyarta ta nazarin al'amuran Baƙar fatan Amurka.

Amma inda ya kamata a tsaya a yi nazari shi ne 1977, lokacin da ya karɓi shugabancin Kwalejin Al'umma ta Bronx. Irin wannan kwaleji ba ta 'ya'yan masu hali ba ce. Karatun shekara 2 ake yi a cikinta, ɗalibanta kuwa ma'aikata ne masu zuwa aji bayan tashi daga aiki, da iyaye mata, da baƙin da Ingilishi bai zauna a bakinsu ba, da waɗanda sakandare ta sallama ba da cikakken shiri ba. Lokacin ma bai yi daɗi ba. Birnin Niyok ya kusa tsiyacewa a 1975, a 1976 kuma aka soke karatu kyauta a jami'ar birnin, wadda kwalejin ke ƙarƙashinta. Kudancin Bronx kuwa a shekarun nan gobara ce ke cin gidajensa layi-layi. Shaihin malami mai kujera a babbar jami'a ya bar ta ya tafi can, ya zauna shekara 16.

Mai ja zai ce ai ba don Barlin ba, da ba a saurare shi ba. Kuma rawar da matuƙan Tuskegee suka taka tana cikin abin da ya sa Shugaba Truman ya ba da umarnin hana wariya a soja a 1948. Wannan gaskiya ne, ba a musa ba. Sai dai artabun sama na 'yan mintoci ne, kuma matashi mai shekara 23 da aka horar, aka ba shi jirgi da abokan tafiya, jininsa ma kan ɗauke shi. Shugabancin makarantar talakawa ba shi da wannan zafin. Kasafin kuɗi ne da ba ya isa, da ɗalibin da ya daina zuwa don kuɗin haya ya kama shi, da zaman taro da 'yan siyasa, yau da gobe, ba tambari ba algaita. Ƙaryar 1925 ma, idan aka lura, ƙwaƙwalwa ta fi taɓawa. Harbo jirgi ya rushe rabinta ne kawai, sauran rabin sai a aji.

Da ya sauka a 1993, yana da shekara 71, bai tafi hutu ba. Ya koma shugabancin wata cibiya ta jami'ar birnin mai nazarin manufofin ilmi a birane, yana kuma gabatar da shiri a talabijin inda yake hira da fitattun baƙaƙen Amurka. Lambar zinare ta Majalisar Dokokin Amurka kuwa sai a 2007 aka miƙa wa matuƙan Tuskegee, shekara 62 bayan ƙare yaƙin, da yawa daga cikinsu sun riga sun kwanta dama.