A Bar Kunne Ya Riga Alƙalami

Akwai wata kunya da ɗaliban harshe ba su cika faɗa a fili ba. Da yawansu suna iya jera sunayen Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo a takardar jarrabawa, amma ba su taɓa sauraron waƙa guda ta ɗayansu daga farko har ƙarshe ba. Idan an kunna, minti biyu ya isa su karaya. Kotso yana gudu, ƴan amshi suna hawa kan muryar jagora, sautin tsohon faifai ya dusashe, ga sunayen sarakuna da garuruwan da ba a sani ba. Sai ɗalibi ya kashe, ya koma ga matanin da wani ya rubuta, ya tsamo kamance uku da siffantawa biyu ya miƙa wa malami. Ya sami maki, waƙar kuwa ba ta shiga kunnensa ba.

Tsarin da ake bi ne ya jawo haka. Ana ɗora wa ɗalibi alƙalami tun kafin kunnensa ya saba, alhali waɗannan waƙoƙi an yi su ne a ƙofar fada, domin taron da mafi yawansa bai taɓa ganin baitinsu a takarda ba.

Mutumin Arewa ya san wata hanyar. A Lugu, garin Sarauniyar da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, da sauran ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri, yaro yana tashi da gangar noma da kiɗan ƴan kokowa da gogen bori a kunnensa. Babu mai zaunar da shi ya karantar da shi take. Yau ya ji, gobe ya ji, har ranar da makaɗi zai sauya hannu, shi kuwa tun daga nesa ya san wa ake kira. Ma'anar kirarin takan zo daga baya, wani lokaci bayan shekaru. Bai taɓa jin kiɗan ya fi ƙarfinsa ba, domin ba wanda ya ce masa dole ya gane komai a jin farko. Wannan haƙuri ne ɗalibin jami'a ya rasa, kuma shi ya kamata ya aro.

Waƙa ɗaya ta isa a fara da ita, a yi mako guda ana juya ta. Abin kamawa na farko shi ne gindin waƙa, wato layukan da ƴan amshi ke komawa gare su bayan kowane ɗa. Wanda ya riƙe gindi ba ya ɓata: ko ɗiya biyar sun wuce shi bai gane ba, gindin zai dawo ya same shi. A ji na biyu da na uku sai kunne ya fara rarrabe inda jagora ya tsaya da inda ƴan amshi suka karɓe, da inda suka yi masa ƙari suka ƙarasa zancen da ya faro. Masu koyon sauraron kiɗan su Mozart da Beethoven ma haka ake ba su shawara, su kama karin da ke dawowa, su bar sauran ya zo a hankali.

Zaɓen waƙar farko ma yana da muhimmanci. Yawancin ɗalibai sukan faɗa wa Bakandamiyar Narambaɗa saboda ita ta fi suna, kuma nan suke karyewa, domin a cikinta ne mawaƙin ya fi zuba gwanintarsa da kirarin kansa a gaban Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Waƙarsa ta doki, Ɗanhilinge, ta fi sauƙin shiga. Doki kowa ya san shi, gudu kuma kiɗan da kansa yana nuna shi. Wanda ko wannan ta yi masa nauyi yana iya hawa ta tsanin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, mai gajeren amshi da kalangu mai sakin jiki, kafin ya juyo ga kotso da taushi.

Sai batun da ya fi shafar wannan sashe, wato karin harshe. Manyan makaɗan fadar nan ƴan ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ne, kuma da Hausar yamma suka yi waƙa. Inda Daidaitacciyar Hausa ke cewa suka da aka, su sunka da anka suke faɗi. Ne da ce sukan koma na da ta, wannan ya koma wanga ko wagga, yana ya koma shina, fari ya zama hwari, tafi ya zama tahi, da ya zo kuma ya zama da yaz zo. Ɗalibin da ya tashi a Kano yana iya jin waɗannan kamar katanga. Ɗan Lugu ko Matankari kuwa kusan da irin wannan magana aka yaye shi, ga Argungu inda Ɗandawo ya yi wa sarakuna waƙa nan kusa, ƙetaren iyaka. Abin takaici, shi ne kuma yakan zo Yamai yana ɓoye harshensa don kada a yi masa dariya, ya zauna a aji yana fama da waƙar da kakarsa za ta fassara masa tana kaɗi. Ko kalmar ɗiya da manazarta irin su Sa'idu Muhammad Gusau suke kiran sassan waƙar baka da ita, daga wannan kari ta fito.

Wani malami zai ce sauraro kawai ba ilimi ba ne, kuma yana da hujja. Zambo da habaici ba sa buɗuwa ga wanda bai san rikicin sarautar da ya haife su ba. Mutum yana iya jin Ɗanƙwairo sau ɗari bai san ɗan sarkin da ake muzantawa ba, domin mawaƙin yakan sakaya suna ya kawo siffa. Gaskiya ne, sai dai tambayar wa ake nufi ba ta tasowa a ran wanda bai ji zafin zambon ba. Ɗalibin da ya ji ƴan amshi sun nanata wata siffa har ta ba shi dariya, shi ne zai tashi neman mai ita. Wanda aka ba matani a rubuce yakan ja layi a ƙarƙashi, ya sa mata suna zambo, ya wuce.

Kuma lokaci ba ya jira. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, waɗanda suka ji shi ido da ido suna ta raguwa. Waƙoƙin suna yawo a wayoyin salula, an kwafa an sake kwafa, wasu babu sunan mawaƙi, wasu an liƙa musu sunan wani, wasu an yanke rabinsu. Matanin da ake rubutawa kuma sau da yawa ana gyara shi zuwa daidaitaccen rubutu, sunka ta koma suka, a rage nauyin gaɓa, karin waƙar ya gurgunce, hujjar mai nazarin karin harshe ta tafi.

Ɗalibin Arewa da zai tafi hutu yana da aikin da ya fi ƙarfin laburare. Ya ɗauki waƙa guda da kunnensa ya riga ya saba da ita, ya kunna wa wani dattijo a Lugu ko a Dogon Dutsi, ya lura da inda tsohon ya yi murmushi da inda ya girgiza kai, ya tambaye shi dalili. In ya zo rubutawa, ya rubuta hwari inda ya ji hwari.