Kafin A Kai Yaro Gwajin Makarantar Kiɗa

Akwai wata takarda da kan shigo gidajen 'yan Arewa mazauna Kurmi ta jefa maigida cikin wasuwasi. Yaro ne zai komo daga makaranta a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ya miƙa wa ubansa ita, ya ce malamin kiɗa ya ba shi. A ciki an rubuta cewa yaron nan yana da kunne, yana da murya, saboda haka a kawo shi gwaji ran kaza, in ya ci a ɗauke shi inda ake koyar da kiɗa sosai, watakila ma a rage wa uban kuɗin makaranta. Sau da yawa sai uban ya ninke takardar ya cusa a ƙarƙashin buzu, ya yi gum, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Sai saura kwana huɗu ko biyar, uwa ta matsa, yaro ya yi ta kuka, sa'an nan a ce to, je ka gwada sa'arka. Yaro ya je ya fāɗi, uban ya ce ai dā ma ya sani. Wannan shirun ya fi hani tun farko cutar da yaro.

Uban yana da hujjarsa. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, ɗan makaɗi shi ke rataya kalangu, kuma kiɗa da roƙo tare suke tafiya. Mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ya yi shekara 20 yana fataucin goro ko shanu a Kurmi don 'ya'yansa su yi ilmi, ba zai so a kira ɗansa maroƙi ba, balle ranar da za a je nema masa aure a gida. Ga kuma batun addini, wanda malamai suka daɗe da saɓani a kansa. Uban da ya tambayi malaminsa, ya natsu a kan ba ya so, yana da iko da gidansa. Sai ya kira yaron ya gaya masa a fili, ya je ya gaya wa malamin makaranta, kowa ya huta. Magana a nan ta shafi wanda zuciyarsa ta karkata ga yarda, amma yana jin nauyin abin da mutanen zango za su ce.

To, irin wannan uba ya kamata ya san abin da ake kiran ɗansa gare shi. Ƙungiyar MUSON mai makarantar kiɗa a Onikan, cikin tsibirin Ikko, an kafa ta a 1983, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, wanda sana'arsa lissafin kuɗi ce, bai taɓa bin gidan biki da ganga ba. A 2006 Gidauniyar MTN ta fara ɗaukar nauyin ɗaliban da ke karatun difloma na shekara 2 a can, kuma ba a ɗaukar kowa sai an gwada shi. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Sojan ƙasa suna da makarantar kiɗa a Ojo, sojan ruwa suna da tasu a Ota, kuma duk wanda ya tashi kusa da bariki ya san masu badujala albashi suke ci kamar kowane soja. Hukumomin WAEC da JAMB ma suna jarrabawar kiɗa kamar yadda suke ta lissafi. Watau karatu ne mai takardar shaida, ana ci ana fāɗuwa.

Kowace makaranta da tsarin gwajinta, amma da yawa suna bin sawun hukumar ABRSM ta Ingila, wadda ke wannan aiki tun 1889. Jarrabawarta mataki 8 ce. Yaro zai kaɗa ko ya rera abubuwan da ya shirya tun daga gida, mai kayan kiɗa zai hau ya sauko a jerin sautuka, za a ajiye masa rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya karanta nan take, sa'an nan a gwada kunnensa: alƙali ya taɓa fiyano, yaro ya maimaita da baki, ko ya tafa abin da ya ji. Maki 150 ne, sai an sami 100 ake cewa an ci. Wanda ya dubi wannan ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, yaron da zai yi takara da ɗan Bahaushe ya riga shi tashi. Ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo da ya girma cikin mawaƙan coci ya san do, re, mi tun yana shekara 6, yana ganin fiyano kowace Lahadi. Amma ɗan zango ma bai zo hannu banza ba. Yaron da ya yi allo ya yi Islamiyya ya saba da jin abu daga bakin malam ya mayar da shi daidai, ya saba da hadda, ya san jan numfashi da inda ake tsayawa. Harshen Hausa kansa mai hawa da sauka ne, kunnen da ke rarrabe kalma da kalma ta karin sauti ba zai sha wuya a gwajin kunne ba. Inda yakan yi tuntuɓe wuri ne sananne. Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa a kan sauti biyar suke tafiya, na Turawa kuwa bakwai ne, kuma tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do, rabin taki ne kawai. Sai ka ji yaro mai zaƙin murya ya zo nan ya tsallake, ko ya ɗan zame, shi bai ma san ya yi ba. Malamin kirki zai gyara wannan cikin 'yan watanni, amma ba a mako guda ba.

Karatun rubutun kiɗa shi ne ɗaya abin da ke cin lokaci. Layuka biyar ne da ɗigogi a kansu, kuma koyonsa kamar koyon babbaƙu da farfaru ne, kullum kaɗan. Minti 20 ko 30 kowace rana bayan la'asar sun fi awa uku ranar Asabar amfani. Wata shida shi ne mafi ƙaranci, shekara ta fi. Ba sai an sayi babban fiyano ba, wanda ko ƙofar gidan haya ba zai shiga ba. Ƙarami mai aiki da batir ya isa mafari. Yawancin masu koyarwa a Kurmi makaɗan coci ne, wannan kuwa yakan dami wasu iyaye. Ana iya shiryawa a yi darasin a makaranta bayan an tashi, ko a zaure inda uba ke gani, kuma a bariki akwai tsofaffin masu badujala da ke jin Hausa ras.

Wani abu kuma da malamin kiɗa ba zai lura da shi ba sai uba. An horar da ɗan Bahaushe ya sunkuyar da kai gaban manya, ya yi ƙasa da murya, in an tambaye shi ya amsa a taƙaice. A gida wannan ladabi ne. A gaban alƙalan gwaji, waɗanda ba su san al'adar ba, sai su ɗauka tsoro ne ko rashin sani. Saboda haka a sa yaron ya riƙa yi a gaban mutanen gida, a tsaye, kai a ɗage, har ya saba, a kuma gaya masa cewa a ɗakin nan ɗaga kai ba rashin kunya ba ne. Bulala ba ta da wuri a nan, domin maƙogwaron da ya tsorata ba ya buɗewa. In yaro namiji ne mai shekara 12 zuwa 14, muryarsa na iya fashewa ana cikin shiri. Kada a matsa masa, a gaya wa malaminsa ya sauko masa da waƙar ko ya mai da shi kan kayan kiɗa. Yana da kyau kuma a tambayi makarantar ko za ta yarda ya ƙara da abu guda na gida, a sarewa ko gurmi. In sun yarda, ya kawo abin da sauran ba su da shi.

Masu cewa wannan ba harkar Bahaushe ba ce su tuna cewa littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anoninsu a 1971, Turawa biyu ne suka rubuta shi, David Ames da Anthony King. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos ya bi shi a 2015. Muryoyinsu na nan a faifai da kaset, amma zama a rubuta kiɗan nan yadda ɗalibi a Nsukka ko Landan zai karanta ya nazarta, aiki ne na wanda ya ji Hausa a nono kuma ya iya layukan nan biyar. Yaran zango, da ke zaune kusa da makarantun, su ne abin ya fi wa sauƙi.

Ranar gwaji kuwa, kada a haɗa yaro da ɗan aike. Uban ya rufe rumfa ya raka shi da kansa. Daga Agege zuwa tsibirin Ikko ba a yi wa cunkoson mota alkawari, sai a kama hanya da an idar da sallar asuba, da takardun yaron, da ruwan sha, da ɗan abin kari, a isa da sauran awa guda ya zauna numfashinsa ya komo.